Tabarmar Baba a Taron Fadama

Ƙofar Galadima, Zariya

Yaya Aƙilu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ƙarin haƙurin rashin Baba? Inna na gaishe ka.

Ma'aikatan muhalli sun auna fadamar bayan ganuwa. Wai za a killace tsakiyarta saboda ruwa da tsuntsaye, ba noma, sai gonar da mai ita ya tashi ya yi magana a taron jin ra'ayi ranar Asabar. Lambun Baba na ciki, har da rijiyarsa da itatuwan lemo. Da shi Inna ke riƙe gidan nan.

Ka san Baba ne Sarkin Fadama, shi ke buɗe baki kafin kowa. Kai ne babba, Inna kuma tana takaba, ba ta fita. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Asama'u

Fatakwal

Asama'u,

Wa alaikumus salam. Ke dai da tada hankali! Ba za a ba ni hutu ba, na riga na cinye shi a zaman makoki. Irin wannan taro kowa na da bakin magana. Abokan Baba, su Malam Jalo, sun san iyakarmu sarai, za su faɗa. Ki gaida Inna.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. An yi taro, na tsaya a baya cikin mata. Dattawa sun shimfiɗa tabarmar Baba a gaba, suka bar ta ba kowa, suna ta duban hanya ko za ka ɓullo. Jami'in ya yi ta tambaya, "Akwai mai magana?" Malam Jalo ya sunkuyar da kai. Wa zai riga gidan Sarkin Fadama? Na buɗe baki, wallahi muryata ta ƙi fita a gaban abokan Baba. Jami'in ya ce tunda ba ƙorafi, jama'a sun amince.

Ba lambunmu kaɗai ya tafi ba, Yaya, har nasu. Kai suka jira.

Asama'u

Asama'u,

Innalillahi. Ban ɗauka za su yi shiru ba. Ina tafe ƙarshen wata, zan je ofishinsu.

Aƙilu

Yaya,

Ba sai ka yi sauri ba, an riga an kewaye fadamar da shingen waya. Jiya Inna ta fita takaba, lambun ta fara zuwa. Ta daɗe riƙe da wayar shingen tana kallon lemo yana ruɓewa a ƙasa. Da muka dawo ta ce in rubuta maka ta yafe.

Na rubuta. Ni dai ban kai nan ba tukuna.

Wassalam,
Asama'u