Udun Talaka a Zauren Malam Jibo

Zuwa ga Yayana Haliru, majemin Ƙofar Rini,

Gaisuwa da aminci, da roƙon Allah ya ƙara maka rahama inda kake kwance. Na sani sarai wagga takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana da rai ma da sai ka miƙo mani ita ka ce in karanta maka, don idonka ya fi sabawa da fata bisa ga rubutu. Amma abin da ya faru ranar Juma'ar da ta wuce ya cika mani ciki, kuma ba ni da wanda zan gaya wa ya gane shi kamar kai. Shi ya sa na dama tawada.

Gida lafiya lau. Damina biyu ke nan da rasuwarka. Matarka Kulu tana nan ɗakinta, ta koma kaɗin auduga, ƙafar nan tata ta yi sauƙi. Rijiyar bayan gida ta rufta bara, mun haƙa wata kusa da kurna. Ɗanka Garba ya gaji raminka a majema, kuma ba don ni ne baffansa ba, hannunsa ya kusa naka. Idan ya duƙa yana kankare gashi sai in kau da kai, don duƙawarku ɗaya.

Babban labarin shi ne Garba ya ga yarinya. Sunanta Hajo, ɗiyar Malam Jibo mai karantarwa can cikin gari. Yarinyar tana so, uwarta ba ta ƙi ba, saura uban. Ranar da Garba ya gaya mani, yana sunkuye yana zane a ƙasa da tsinke, na ce masa Allah ya sa alheri. Amma ka san yadda ake kallonmu. Ana son takalmin da anka yi da fatarmu, ana ɗora jar fatar akuyarmu bisa raƙuma a kai ta bayan hamada, amma in munka shiga sahun salla sai na kusa ya ɗan matsa. Warin rami ba ya fita da wanka ɗaya, ba ya fita da uku. Ga shi ni ne zan shiga zauren malami, in zauna bisa tabarmarsa, in ce ya ba ɗan majemi ɗiya. Kai ya kamata ka yi wanga zama, Yaya. Me ya sa ka bar mani shi?

Ka tuna shekarar da ka kai fatu gidan Balaraben nan da ya zo daga Gadamas? Ka iske ya jefa guntun wani itace a garwashi, ya ce maka sunansa udu, daga can gabas ake kawo shi. Ka dawo gida kana shinshinar hannun rigarka, ka hana Kulu wanke ta har kwana bakwai. Da ka tambayi kuɗinsa anka gaya maka, sai ka yi dariya ka ce sai dai a sayar da majemar da mu duka a ciki. Tun daga ranar in anka yi zancen ƙamshi sai ka ce mu yi shiru, ba mu san komai ba.

To, Ɗan'azumi mai koli, wanda ke shimfiɗa kayansa bakin ƙofa, ya tare ni ranar Laraba. Ya riga ya ji zancen auren, ka san bakin unguwarmu. Ya ce yana da udun talaka. In ayari ya sauka, Larabawa sunka sayar da manyan guntaye ga masu hali, shi sai ya roƙi ɓarɓashin da ya rage a gindin jaka. Ya niƙa shi, ya jiƙa a man zogale tare da ƙajiji da kanumfari, ya rufe ya manta da shi har ya kama. Bai yi mani ƙarya ba. Ya ce ba na sarakuna ba ne, kuma in na shafa da hantsi kada in neme shi bayan la'asar. Kuɗinsa bai kai na fatar akuya guda ba. Ya zuba mani a ɗan tandu kamar babban yatsa.

Ban yarda in fara gwada shi gaban mutane ba. Ranar Alhamis da hantsi na zauna gindin kurna na ɗiga ɗaya a bayan hannu. Yaya, da ka ga fuskata! Hayaƙi ne ya fara bugo ni, da ɗaci kamar na magani. Matata Inno ta matso ta shinshina, ta ja da baya, ta ce an cuce ni, wanga ai turken awaki ne bayan ruwan sama. Na sake kai hanci, wallahi har da ɗan warin fata a ciki, irin wadda ta fito daga ruwan bagaruwa. Na ce yanzu abin da nake gudu ne na sayo da kuɗina? Na tashi da fushi zan mayar masa da kayansa. Kafin in nemo takalmina in sa riga, abin ya juya. Ɗacin ya kwanta, wani zaƙi ya taso kamar zuma a tsohon akushi, mai ɗumi, ba ya damun hanci. Na koma na zauna ina jin sa yana sauyawa a hankali.

Kulu ta fito da mazarinta a hannu ta tsaya bakin ƙofa. Ta ɗaga kai tana shaƙar iska. Can ta ce wanga ƙamshin rigar nan ne, sai dai ya fi shi rama. Na ɗauka kuka za ta yi. Dariya ta yi, ta shiga ba Inno labarin yadda rigar ta yi dauɗa har ta kusa tsayawa da kanta, kai kuwa ka rantse ba za ta taɓa ruwa ba. Ta miƙo bakin zanenta na ɗiga mata. Rabon da in ji dariyarta irin haka tun kana nan.

Ranar Juma'a na yi wanka har fatata ta yi zafi, na shafa a gemu da wuya da hannuwan riga. Tsoro ya sa na wuce ƙima. A masallaci wanda ke damata bai matsa ba, har ya haɗa kafaɗarsa da tawa. Bayan salla munka ɗauki goro, ni da limamin unguwarmu da tsoho Bawa abokinka, munka nufi gidan Malam Jibo.

A nan ne zan gaya maka abin da ya fi wari tsorata ni. Malam Jibo ba baƙona ba ne. Tare munka yi karatu gaban malami ɗaya, shekarun da kake yin aikina da naka a majema don in samu in zauna gaban littafi. Ka tuna ranar da ka zo zauren malaminmu da sabuwar gafakar littafi da ka sa anka ɗinka mani? Kai tsaye daga rami ka zo, hannunka baƙi ƙirin. Ɗalibai sunka toshe hanci, Jibo ne na farko. Ya tambaye ni wane ne wanga, na ce wani ne daga unguwarmu. Ka ji ni, Yaya. Na san ka ji. Ka ajiye gafakar a gabana, ka ce Allah ya ba da ilimi mai amfani, ka fita. Da Baba ya rasu na bar karatu na dawo majema, munka yi shekara da shekaru rami kusa da rami, ba ka taɓa ɗaga zancen ba, ni kuma ban taɓa samun bakin roƙonka gafara ba. Kullum sai in ce gobe.

Munka yi sallama anka shimfiɗa mana tabarma. Zauren ƙarami ne, nan da nan turarena ya cika shi, liman ya yi atishawa har sau biyu. Malam Jibo ya yi furfura, idonsa ya rage, amma ya gane ni. Ya yi murmushi ya tambaye ni ko na bar jima ne na koma koli. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Bawa ya tura goro gaba, na faɗi abin da ya kawo mu, na ce ɗan yayana Haliru nake nema wa. Da gangan na faɗi haka, da ƙarfi, don ya ji.

Malam Jibo ya ja tasbaharsa. Sannan ya ce tun ranar gafakar nan ya san kai yayana ne, don kamar ta yi yawa. Ya ce bayan wasu shekaru ya je majema neman fatar da zai rufe littattafansa, ya faɗa hannunka bai sani ba. Ka gane shi, ka kira shi da sunansa, ka shimfiɗa masa buzu can inda iska ba ta kawo warin rami, ka zaɓo masa fatar da ta fi kowace laushi, ka raka shi har bakin hanya. Ya ce ya koma gida ranar bai iya cin abinci ba don kunya. Ya ce yaron da ya tashi a hannun mutum irin wanga, ba shi da abin da zai bincika a kansa. Ya ba Garba Hajo. Liman ya ɗaga hannu munka shafa fatiha.

Me ya sa ba ka taɓa gaya mani ya zo ba? Ko don kada in tuna ne?

Da munka tashi ya riƙe hannuna ya ce nan gaba in zo masa yadda nake, ba sai na wahalar da liman ba. Sai kuma ya rage murya ya tambaye ni wurin wa na saya, don shi ma ya daɗe yana sha'awar udu, na Larabawa kuwa ya fi ƙarfinsa. Na kwatanta masa shimfiɗar Ɗan'azumi. Bawa ya yi ta dariya har munka iso gida.

Kafin a kira la'asar ƙamshin ya tafi kamar yadda mai shi ya faɗa. Ban ji haushi ba. Washegari na koma rami da raina fes. Ka yafe mani, Yaya. Na san ka daɗe da yafewa, amma ina son in faɗa da bakina ko da a takarda ne.

An sa biki bayan kaka, in an shigo da gero. Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba sai yau. Fatun nan shida da ka tsoma a rami kwana biyu kafin zazzaɓin ya kwantar da kai, ni na ƙarasa su. Biyar sun tafi kasuwa, ɗaya na rina ta ja na naɗe na ɓoye, ban san abin da nake jira ba. Jiya na kai ta wurin baduku ya yanka wa Hajo takalmi. Da aikin hannunka za ta tako cikin gidanka.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Ummaru majemi, na Ƙofar Rini