Zanen da Mama Ta Kwafa

Pomuch, 9 ga Satumba

Yaya Eulogio,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da matarka Griselda da yara, da fama da aikin otal.

Mama tana shan magani, tana kuma ci gaba da faɗa da kajinta. Har yanzu a saninta gyambon ciki ne, kamar yadda ka ce a gaya mata. Na bi maganarka don kai ne babba, ba don na yarda ba. Kalmar sankara ba ta fita daga bakin kowa ba a gidan nan.

Ranar da na je asibitin Campeche karɓar sakamakon gwaji, mai gwajin ta bar ni na leƙa madubinta mai ƙara girman abu, na ga 'yar tsokar da aka yanko daga cikin Mama. Yaya, ina jin kunyar faɗa, amma abin yana da kyau. Ƙwayoyi ne shunayya da ruwan hoda, wasu a jere, wasu sun kumbura sun hau kan juna. Masu hawa kan junan su ne ciwon. Tun da na dawo su kaɗai nake zanawa. Na san za ka ce dama zanena bai taɓa kama da komai ba. Wannan karon hakan ya yi mini rana.

Ƙanwarka,
Casilda

6 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Yaya tarin ƙaramar 'yarka?

Mama ta rame. Shekaranjiya ta shigo ɗakin zanena ta zauna, ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce furanni. Ta ce shekara hamsin tana surfani, ba ta taɓa ganin furen da ba ya bin lissafi ba. Duk da haka ta ɗauki guda ɗaya ta tafi da shi ɗakinta.

Likita ya ce watanni ne suka rage. Ina so in gaya mata, ko tana da abin da take son shiryawa. Kai kuma amsarka kullum a dakata. Na gaji da yi mata ƙarya ina zuba mata kunun masara.

Casilda

29 ga Oktoba

Yaya Eulogio,

Gaisuwa, da fatan wannan ta same ka a zaune.

Jiya muka je maƙabarta share ƙasusuwan Baba, kamar yadda al'adar garinmu take kowace shekara. Mama da kanta ta goge ƙoƙon kansa, tana ba shi labarin unguwa, sannan muka shimfiɗa masa sabon ƙyalle a akwatin ƙasusuwansa.

Da muka dawo ta buɗe adakarta ta miƙo mini ƙyalle uku. Zanena ne ta kwafa da zare, ƙwaya bayan ƙwaya, a ƙasa kuma ta ɗinka sunanta, Leocadia. Na akwatin ƙasusuwanta ne. Ta ce ni ban iya riƙe allura ba, furannin Griselda kuwa kamar kabeji suke, shi ya sa ta yi wa kanta na shekaru ukun farko. Wai tun da ta ga na zana abu ɗaya sau talatin ina barin abinci a kwano ta gane. Ta sa na nuna mata waɗanne ne ciwon. Da na nuna, ta ce dama ta yi zato, don su suka fi cin zare. Ni ce na yi kuka. Ita ta tafi ba kaji dusa.

Abu ɗaya ta roƙe ni: kada in gaya maka ta sani, wai kai tun kana ƙarami ba ka da ƙarfin zuciya. Ga shi na saɓa mata. Ka nemi hutu ka zo. In ka tambayi jiki ta ce maka da sauƙi, ka amsa mata kamar ka yarda.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka,
Casilda