Na je kulle wayar 'yata, an kulle tawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, ka rufa min asiri ka ɓoye sunana, don in aka gane ni a Tanout sai dai in yi ƙaura zuwa Agadas. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni dillalin dabbobi ne, shekaruna hamsin ba biyu, kuma ina da 'ya mai shirin jarrabawar BEPC bana. Na saya mata salula saboda mushensu, wato malaminsu, yana turo darasi ta WhatsApp. Wata biyu kacal yarinya ta koma kamar an liƙa mata wayar a tafin hannu, ko tuwo take tuƙawa ido ɗaya yana tukunya ɗaya yana kallon rawa. Sai na ji ana cewa akwai abin da uba ke sa wa wayar ɗansa, ya ƙayyade masa lokaci. Na ce madalla. To amma da Faransanci aka rubuta komai, ni kuwa Faransancina daga bonjur sai marsi. Saboda haka na kira ita yarinyar, na miƙa mata wayoyin biyu, na ce ta sa. Ta ce to Baba, cikin ladabi, har da durƙusawa.

Ashe tata ta mayar uwa, tawa ta mayar yaro. An rubuta ni ɗan shekara tara, jama'a, da furfurata! Awa ɗaya da rabi a yini, in ta cika sai fuskar waya ta toshe, kira kaɗai ake bar min. Kokowar da nake kallo ma an ce ta fi ƙarfin shekaruna.

Ranar kasuwar Belbeji wani Buzu abokin hulɗata ya turo min hoton raƙuma uku daga wajen Tenhya, ga Alhaji mai saye tsaye a kaina yana jiran gani. Ina taɓawa waya ta rufe. Na ce masa rezo ne babu, wato sabis ɗin waya, alhali nasa cike yake. Ya dube ni, ya wuce wurin wani dillali.

Na dawo gida ina huci kamar amale, na yi faɗan da sai da kaji suka bar tsakar gida. Yarinya ba ta ɗaga murya ba, sai ta nuna min inda waya ke ƙirga lokaci, wai na ninka ta kallo. Uwarta kuma, maimakon ta tsawata, cewa ta yi tun da aka kulle ni ne take ganin fuskata, a da ƙeyata kawai ta sani. Yanzu sharaɗin 'yar shi ne ta kulle tata ita ma, mu yi lokaci daidai har a gama jarrabawa, lambar sirri kuma a hannun uwarta.

Mai gyaran wayar da zai iya buɗewa taubashina ne. In ya ga shekara taran nan, wallahi har jikokina sai sun ji, kuma a gaban mahauta zai fara.

To in kai masa in sha tsiya? In ƙwace wayar yarinya ga darasinta a ciki? Ko in yarda da sharaɗin, in riƙa roƙon matata ƙarin minti ranar kasuwa?

Ku amsa da wuri don Allah, saura minti huɗu a rufe ni.