Yayata Ke Shan Zargi, Ni Kuwa Na San Gaskiya

Anti Laure, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Ni tela ne a Gwadangaji, amma gidanmu na Argungu. Yayata Sharifa ma'aikaciyar lafiya ce a can, ita ta matsa mini na yi allurar korona gab da aurena. To, har yau matata Rukayya ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Wani kawunmu ya ce allurar ce ta kashe mini ƙwayoyin haihuwa, Innarmu kuwa ta hau kai ta zauna. Yanzu da ƙyar take amsa gaisuwar Yaya.

Bayan sallah na je asibiti a ɓoye. Likita ya ce jijiyoyin marainana ne suka kumbura, wataƙila tun ina saurayi, babu ruwan allura. Na dawo na ja bakina, ko Rukayya ban faɗa wa ba. Gaskiya na fi son a riƙa tausaya mini da a ce ciwon daga jikina yake. Sai makon jiya na je gida, na tarar ƙanwarmu Hamida ta hana a yi wa jaririnta rigakafi, wai kada ya zama irina. Yaya kuma ta ja ni gefe tana kuka, tana neman gafarata. Ita ke neman gafarata, Anti! Haka na koma Gwadangaji ban faɗa mata gaskiya ba. Yaya zan yi?

Ɗan Gwadangaji

Ƙanena, na gane kunyar da ke cin ka. Magana ce mai nauyi a bakin namiji, kuma lalura ba laifinka ba ce. Amma shirun nan naka ne, wasu ke shan wahalarsa.

Likitanka ya yi gaskiya. Binciken masana bai nuna allurar korona na rage haihuwar maza ba. Kumburin jijiyar nan kuwa maza da yawa na da shi, galibi kuma ana samun sauƙi da ƙaramin aiki.

Fara da Rukayya, ita ma tana cikin zullumi, ku koma wurin likita tare. Sannan ka tafi Argungu ka roƙi yayarka gafara, ku shiga wurin Inna ku biyu. Ba sai ka yi wa dangi bayanin jikinka ba, ya isa ka ce likita ya duba ka, ba allura ba ce. Hamida kuwa kira ta yau, kada ka jira sai ka je, don cuta ba za ta jira jaririn ba.

Allah ya ba ka lafiya da ƙarfin zuciya, ya nuna mana ranar suna a gidanka.

Anti Laure