Turancin da Baba Yake Koyo

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifiyar da ta riga ta gidan gaskiya, ina sanar da ke cewa mijinki ya shiga makaranta, kuma ni ce malamar.

Kin san Baba da Turanci. Shi ne mai cewa yaren masu yin ƙarya cikin kwat ne. To tun bayan ƙaramar salla, duk ranar da na biya shagonsa a Unguwar Shanu daga ofis, sai ya tsayar da keken ɗinki ya tambaye ni ma'anar wata kalma. Wai wani abokinsa na Rigasa ne yake son sani. Abokin nan har yau ba shi da suna.

Kalmar farko ma'anarta ƙari ne a cikin jiki. Na faɗa masa ina cin gyaɗa. Ta biyu, a yanki ɗan nama a kai gwaji. Ta ukun sai da ya maimaita kafin na gane ta, ma'anarta abin ya bazu. Ya gyaɗa kai kamar na gaya masa launin zare, ya ce Allah ya ba abokin lafiya. Na ce amin. A ranar na lura ya rage wuyan rigunansa da kansa. Ɗinki mai kyau, ba mai ganewa sai 'yar tela.

Da kina nan da tuni kin yafa mayafi kin bi shi asibiti. Ni na yi jami'a, na iya zama ina jiran a sanar da ni.

Likitan abokin, in ji shi, ba ya jin Hausa, abokin kuma ba ya son tafinta.

Jiya ya ce jimla guda yake so, ba irin ta littafi ba, yadda masu yaren suke faɗa a tsakaninsu, da ladabi amma ban da roƙo: kada ka gaya wa 'ya'yana. Ko ambaton abokin bai yi ba.

Na koya masa, Ummana. Na yi ta gyara masa lafazi har ta zauna a bakinsa. Ya sa mini albarka.

Litinin zai koma asibiti. Na nemi hutu a ofis. Ba zan shiga ba, zan zauna a bencin waje inda zai gan ni in ya fito.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya sa ki daɗe kina jiransa.

'Yarki,
Bilkisu