Fom ɗin da Baba Ya Tofa wa Addu'a Ba Shi Na Cike Ba

Assalamu alaikum mai kula da shafi da 'yan'uwa masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kafin kowa ya ɗauko mini wa'azi, a bari in kai aya, don a cikin wa'azi na tashi, babu wanda za a yi mini da ban ji shi ba tun ina sa gajeren wando. Shawara na zo nema.

Ni magidanci ne a nan Sakkwato, ina aiki a sashen kasuwanci na wani kamfani mai rarraba siminti, kullum ina kan hanyar Kalambaina, inda masana'antar simintin take, ina fama da direbobi da dillalai. Shekarata takwas a wurin. Sau biyu ana neman manaja, sau biyu ana ɗauko wani daga waje a ɗora mini a kai, kuma ni zan zauna in koya masa aikin. Da na gaji na tambayi shugabanmu laifina, ya ce aikina babu abin kushewa, takarda ce ba ni da ita. To me ya rage? Na shiga neman digiri na biyu.

Hanyoyi uku na samu. Akwai na intanet daga wata ƙasa, na ajiye shi gefe, don na san halina, in babu malami a gabana barci zan yi. Akwai MSc, na bincike, Litinin zuwa Juma'a, shi ke kai mutum ga zama Dakta da koyarwa a jami'a, amma sai da hutun karatu, kamfaninmu kuwa ba ya bayarwa. Sai MBA na Asabar da Lahadi, na ma'aikata irina, shi kamfani ke dubawa in za a ƙara girma, sai dai jami'a ba ta ɗaukar mai shi aikin koyarwa. Ai wanda ya dace da ni a fili yake.

Matsalar a gidanmu take. Mahaifina malami ne, zaurensa ba ya rabo da masu ɗaukar karatu. Yayyena biyu duk Daktoci ne, suna koyarwa a wasu jihohi. Ni auta, in an tambaye shi labarina sai ya ce, "Shina dai taɓa sana'a," kamar mai ba da labarin majinyaci. Kuma a gidanmu babu mai cike fom, na makaranta ko na aiki, sai ya kai wa Baba ya ɗora a kan buzunsa, ya dafa, ya tofa addu'a. Na sayi fom biyu na kai masa, na yi bayani dalla-dalla. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wanne ka kai mutum ga karantarwa?" Na nuna MSc. Ya sa bayan hannu ya ture ɗayan daga kan buzun. Na ce, "Baba, wancan shi aikina ka buƙata." Ya ce, "Aikin ga naka na wucin gadi na. Mu ba awon kaya munka gada ba, karatu munka gada." Ya dafa MSc ya daɗe yana addu'a, na shafa tare da shi, na ce to. Washegari na cike wanda ya ture, mai addu'ar kuma na jefa shi a aljihun mota. Baba kuwa na gaya masa kamfani ya ba ni hutun karatu.

Shekara biyu ke nan. Duk Lahadi in na taso daga aji na biyo ta Kwalkwalawa, sai na tsaya gaishe shi, ya ce, "Ya bincike?" in ce, "Alhamdu lillahi." Wallahi ina jin kunyar wannan amsar. Na yi wa mahaifina ƙarya, ban musa ba. Amma karatun kansa ban yi nadamarsa ba ko ta minti ɗaya. Da abin da na koya na gyara tsarin lodin motocinmu, direbobin da ke kwana uku a layi yanzu a yini suke tashi, suna sa mini albarka. An kuma kira ni ganawa kan kujerar manajan shiyya. Shin wannan ba ilimi ba ne? Ciyar da iyali da halal ba ibada ba ce? Daɓen zauren da ake zama ana karatu a kai, da simintin wa aka yi shi? Dole ne kowa a gida ɗaya ya riƙe alli? Ni na tsani tsayuwa gaban aji, tun ina bautar ƙasa na gane haka, kuma ba zan shiga in cuci 'ya'yan mutane don a kira ni Dakta ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, akwai wani Farfesa, tsohon ɗalibin Baba, har gobe yana zuwa ɗaukar karatu duk Alhamis. Ashe Baba ya roƙe shi ya nema mini gurbin koyarwa tunda na kusa gamawa. Mutumin da Baba bai taɓa roƙon komai ba sai a kaina. Farfesa ya je sashen da nake karatu a jami'a ya tambaya, aka duba, babu sunana cikin 'yan MSc. Ya kira ni ofishinsa, ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce, "Mi kay yi haka? Malam na can shina gaya ma mutane autanai ya dawo hanya." Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ban bar hanya ba, karatu niy yi, ba sata ba." Ya ce, "Ban ce ka yi sata ba. Amma ka sa dattijo ya buɗe baki ya roƙi abin da babu shi. Ran Alhamis za ya tambaye ni, ni ko ban yi ma malamina ƙarya. Ka riga ni gaya mishi."

Yau Litinin. Matata ta ce in sayi sabon fom ɗin MSc, in roƙi Farfesa ya ce an samu jinkiri. Na ce mata ba zan ɗora ƙarya kan ƙarya ba, ba kuma zan kashe shekara biyu kan karatun da ba na so ba. In Baba ya ce in nemi gafarar ƙaryar da na yi, zan durƙusa har goshina ya taɓa ƙasa. In ya ce in ajiye takardata in bar siminti in kama koyarwa, ba zan iya ba, kuma a gabansa ban taɓa cewa a'a ba tun da aka haife ni. Baba ba ya faɗa, ba ya zagi. In ka ɓata masa rai sai ya daina kiran sunanka, ya koma ce maka "bawan Allah". Ya yi wa ƙanensa haka har ƙanen ya rasu. Shi kansa ya tsufa, ban san kwana nawa suka rage mana ba.

Kujerar manaja zan iya rasa ta in nemi wata. Amma in shiga zaure in gaishe shi ya ce, "Lahiya lau, bawan Allah," wannan ban san inda zan sa kaina ba. Kwana uku gare ni. Me zan yi?