Wa Zai Zuba wa Ɗoɗɗoyar Ruwa

Abbasiya, Alƙahira, 9 ga Janairu

'Yata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Kuka da daddawar sun iso ta hannun Hajiya Zulfa, Allah ya yi miki albarka.

Kin tambayi aiki. Yana nan, ni ne dai na fara ƙarewa. Ustaz Isam mai makarantar ya ba ni ajin 'yan Sin, su shida, duk 'yan kasuwar Ataba masu neman Turancin ciniki. Mako uku muna kan abu guda, look after. Na rubuta a allo, na ce kula ne: kula da yaro, kula da shago, kula da majinyaci. Na ce, "Tamam?" Suka gyaɗa kai a tare kamar ƙadangaru a kan katanga. Ranar gwaji ko ɗaya bai ci ba. Ashe a wurinsu rashin ladabi ne ɗalibi ya ce wa tsoho bai gane ba. Ni kuma shekara talatin ina fama da Masarawa, waɗanda in ba su gane ba har mai shayin ƙasan bene sai ya ji.

Gidana dai har yanzu hawa na biyar ne, ba a rage ko ɗaya ba.

Mahaifinki,
Abdulwahab

Katsina, 2 ga Fabrairu

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, yara ma suna gaida Kaka.

Baba, Hajiya Zulfa ta ce a hawa na uku ta same ka zaune, da ledar burodi a cinya, kana haki. Wannan ba ka rubuta ba, sai labarin ƙadangaru. Mun gyara maka ɗaki tun bara. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: na san ba aji ne ya riƙe ka ba, kabarin Inna ne. Shekara tara ke nan. Addu'a daga Katsina ma tana isa gare ta. Don Allah ka dawo kafin damina.

'Yarka mai biyayya,
Ummul-Khairi

Abbasiya, 6 ga Maris

Ummu,

Sallama da gaisuwa. Hajiya Zulfa, in an ba ta daddawa, sai ta haɗa da labari kyauta.

Gaskiyarki, addu'a tana isa. Ruwa ne ba ya isa. Akwai ɗoɗɗoyar da na shuka a kabarin Innarki, ta wajen kai, kowace Juma'a nakan je in share, in zuba mata gora biyu. Ranin garin nan ba ya ɗaga wa shuka ƙafa ko mako biyu.

Na bar allo. Yanzu zama nake yi in ba su labari yadda kakata take ba mu, in cusa kalmar a ciki: makiyayi da tumakinsa, tsohuwa da jikanta. Rannan misalai suka ƙare mini, bakina ya kufce, na ba su labarin ɗoɗɗoyar. Sai babbansu, Ishaq Ma, Musulmi ne, mai sayar da tocila, ya kai shekara hamsin, ya ɗaga hannu. Karon farko ke nan da wani ya yi mini tambaya. Ya ce, "Teacher, who look after you?"

Na gyara masa jimlar kawai.

Kuma Ustaz Isam ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ajin zai tashi ƙarshen Afrilu, ba shi da wani da zai ba ni. Takardar zamana a kan aikin take. Kada ki yi murna tukuna, ina neman wata makarantar.

Mahaifinki

Katsina, 20 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Ban yi murna ba, kuka na yi. Tambayar mutumin nan ita nake yi maka shekara tara. Ina jiran amsa.

Ummul-Khairi

Abbasiya, 12 ga Afrilu

Ummu,

Assalamu alaikum. Makarantu uku na je, duk sun kalli sandata kafin su kalli takarduna.

Jiya Juma'a na sauko, na tarar da Ishaq a bakin ƙofa da bokiti da tsintsiya. Ya ce, "Yalla, malam." Muka tafi maƙabarta tare. Ya ƙirga layukan kaburbura tun daga ƙofa, ya rubuta a littafinsa na aji. Ya share, ya zuba wa ɗoɗɗoyar ruwa a hankali ta gindi, ba ta kan ganye ba. Ya ce kabarin nasa uban yana can ƙasarsu, shekara goma sha ɗaya maƙwabci ne yake share masa. Sannan ya miƙe ya faɗi jimlarsa da Turanci, cewa shi zai kula da ita. Na duba ta gaba da baya, ban sami abin gyarawa ba.

Zan biyo Hajiya Zulfa a tafiyarta ta watan gobe, in Allah ya yarda. Ɗakin nan da kuka gyara, a ƙasa yake ko?

Mahaifinki,
Abdulwahab